Akushin Hajjo da 'Yan Benci

Ina son a fara magana daga farkonta, don haka zan fara da ruwa. A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, ruwa ya ci ƙauyenmu da ke kusa da Maradun. Aka watse. Mu muka koma Talata Mafara wurin Kawu Sani, ƙanen mahaifina, wanda yake tuƙa tifa a kamfanin da ke aikin dam ɗin. Muka tafi da kakata, Inna Tumba.

A ƙauye, Inna ce mai tatsuniyar unguwarmu. Da an idar da magariba, ta juye tuwo, sai mu kewaye murhu tun garwashin bai mutu ba. Ba ta farawa sai kowa ya wanke hannu ya zauna a wurinsa, manya a baya, ƙanana a gaba. Wannan tsari a wurinta na koye shi, kuma har yau ban ga aibinsa ba. Amma da muka zo Mafara sai ta daina. Takan zauna bakin murhu tana tura itace, in muka roƙe ta ta ce labaran sun nutse tare da tsamiyar ƙofar gida.

Akwai wani akushi da ta kife a saman randa, ba mai taɓa shi. Na Hajjo ne, ƙawarta tun suna 'yanmata. Ana jibi za mu tashi Hajjo ta aiko mata da dambu a ciki. A wurinmu ba a mayar da kwano wayam, kuma tsakanin ƙawaye irinsu abin da hannunka ya noma ake zubawa, ba na kasuwa ba. Kafin Inna ta shirya, motar kwashe kaya ta zo. Su Hajjo suka nufi Bakura, akushi ya biyo mu. Yanzu Inna ba gona, hatsin da muke ci ma awo ne. Kunya ta hana ta aika ko gaisuwa. Haka aka yi damina biyu.

Sai Kawu ya sayo talabijin, mai hoto baƙi da fari, ana haɗa ta da batirin mota. Ranar da ake nuna kokawa zauren gidanmu ba wurin sa ƙafa. Da an gama kokawar sai a sa wani ɗan wasan ban dariya, mutane kuwa su tashi suna karkaɗe riga. Kawu kan ce, “Waɗanga ba su komai sai zama.” Na manta sunan wasan na gaskiya. Mu 'Yan Benci muke ce musu: mai shayi, tela, mai gyaran keke, da wani dogo mara sana'a da kullum yake shirin tafiya Legas bai taɓa tafiya ba. Benci ɗaya gare su a gaban teburin shayi. Nan suke musu, nan suke shiryawa.

Ni kaɗai nake tsayawa, don ba na son barin abu a tsakiya. In na koma cikin gida sai in zayyana wa Inna abin da ya faru, daki-daki. Wata rana ta ce mini, “Ƙawata, wanga dogon, wa ka ba shi abinci?”

Na ce, “Mai shayi, Inna. Yana zaginsa, yana zuba masa.”

Ta yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Washegari da yamma ta ce a wanke hannu a zauna. Ta ɗauki labarin da na kawo mata ta mayar da shi tatsuniya. Ta ba dogon murya ta hanci, ta sa tela yana in'ina in ya yi ƙarya. Ƙannena suka yi ta birgima. Daga nan abin ya zama ƙa'ida: in kalla, in kawo, ta dafa, ta raba.

Wanda ba zan manta ba shi ne na buta. Tela ya ari butar mai shayi don sunan ɗansa, ta faɗi ta lotse. Ya ɓoye ta ƙarƙashin keken ɗinki, ya daina zuwa benci. In ya hango su sai ya sake hanya. Inna ta ba da wannan da kyau, har da yadda tela yake raɓewa jikin katanga. Amma da ta zo ƙarshe sai ta ce, “Shi ke nan, tela ya tsufa a shagonai, su kuma sunka manta da shi. Ku tashi ku kwanta.”

Na ce, “Ba haka aka yi ba.”

“To, malama, mi anka yi?”

“Su ukun suka ɗauki bencin a ka, suka ratsa kasuwa da shi, suka ajiye a ƙofar shagonsa suka zauna. Mai shayi ya ce masa shi ba buta ya zo nema ba, gefen bencin ne yake ɗagawa in ba kowa a kai, dogo har ya faɗi sau biyu.”

Inna ta tura itace a wuta. Ta ce, “Butar fa?”

“Ya fito da ita a lotse. Mai shayi ya ce dama tana yoyo.”

Da mako ya zagayo, mutanen kokawa suna fita, Inna ta shigo zaure da tabarmarta ta zauna dab da talabijin, don idonta ya yi rauni. Kawu ya ce, “Inna, ke ma?” Ta ce, “Matsa, ka tare mini tela.” Ta kalla har ƙarshe, tana yi musu faɗa kamar suna jin ta.

Da safe ta sauke akushin ta wanke. A bayan ɗakinta akwai 'yan kuɓewa da ta shuka inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta yanka ta shanya tun kaka. Duka ba su rufe gindin akushin ba. Ta ɗaure shi da ƙyalle, ta ce in sa takalmi. Muka hau motar Bakura.

Mun sami Hajjo a tsakar gida tana tsince wake. Ta rame, ta yi furfura. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta gida, ta gajiya, ta bayan rabuwa, kowacce tana kallon ƙasa. Sannan Hajjo ta kwance ƙyallen ta leƙa.

“Tumba, damina biyu, abin da kika noma ke nan?”

“Shi ke nan, Hajjo.”

“Dama can ke raguwa ce a gona.”

Sai ta rungume akushin ta fara kuka, Inna ma haka. Ni na fita na tsaya wajen awaki. Da za mu taho, Hajjo ta cika shi da wake ta miƙa wa Inna. Inna ta ce ai naki ne, na kawo miki. Hajjo ta ce, “Na sani. Ki maido mini.”

Yanzu in na ce wa jikokina wasan nan ya fi abin da suke kallo a waya, sai su tambaye ni me ake yi a ciki. In ce ana zama. Su yi dariya, su raina shi kamar yadda Kawu ya yi. Ban sami wasan a ko'ina ba, kuma duk wanda na tambaya kokawar yake tunawa. Amma in yana nan a ajiye a wani ɗaki, ya kamata a fito da shi a kalla. Ba a bugun kowa a ciki, ba mai yin arziki, ba mai tafiya Legas. Mutum huɗu ne da suka san halin juna sarai, kuma duk mako sai su dawo su zauna. Ina ƙarama na ɗauka abin dariya ne kawai. Sai da na ga yadda gari ke watsewa, na ga yadda kunya ke raba mutane ba tare da faɗa ba, sannan na gane aikin da suke yi a kan bencin nan.

Akushin ya yi ta kai da komo tsakanin Mafara da Bakura har Hajjo ta rasu. A lokacin yana hannunmu. Inna ta kai shi wurin gaisuwa da gero a ciki, 'yar Hajjo ta karɓa, ta juye, ta zuba gyaɗa ta dawo mana da shi. Yau yana saman randata. Zogalen bayan ɗakina ya yi ganye, ranar Juma'a zan shiga motar Bakura.