Rigar Sanyin da Muka Aika Ingila

A lokacin ina ɗinki a wata rumfa a Tudun Wada, cikin Gusau, ni da keken ɗinkina da benci guda na masu zuwa hira. Yayana kuwa malamin makaranta ne, shi aka zaɓa aka tura Ingila ƙaro ilimi. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, tana Bungudu. Duk wasiƙar da ya rubuto ni take samu, sai in hau basukur ranar Juma'a in kai mata in karanta.

Akwai wasiƙar jirgin sama a zamanin, amma da tsada, yayana kuma mutum ne mai tattali. Saboda haka ta jirgin ruwa yake aikowa. Sai ta sha teku ta sauka Ikko, ta hau jirgin ƙasa, ta yi ta tsaye-tsaye har ta iso gidan waya na Gusau, ambulan ɗin ya yi laushi kamar tsohuwar hula.

Wasiƙarsa ta farko kuka ce da sanyi. Ya ce ruwa yana daskarewa a kwano, in ya yi magana hayaƙi ke fita daga bakinsa, yatsunsa ba sa iya riƙe alƙalami. Ina karantawa Inna ta aje ludayin da ke hannunta.

"Mi yac ce? Hayaƙi a baki?"

"Haka ya rubuta, Inna."

"To kai mi kake jira? Ba tela kake ba? Ɗan'uwanka na can zai ƙanƙare, kai kana nan kana yi wa mutane aljihu."

Washegari ta tura ni Tsafe wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda mijinta ke noman auduga. Gwaggo ta gurje ta, ta shiɓe ta da kanta, ta cika mini buhu. Na dawo Gusau na sami yadi mai kauri, na ninka biyu, na cusa audugar a tsakiya, na bi da ɗinki layi-layi. Da na gama, rigar tana iya tsayawa da kanta ba kowa a ciki. Masu hira a rumfata suka yi ta gwadawa, kowa ya sa sai ya kasa sauke hannu.

Malamin gidan waya, wani dogo mai yawan raha, ya ɗora ƙunshin a sikeli ya dube ni.

"Malam, riga ce ko katifa?"

Na ce riga ce, kuma sauri ake. Ya yi dariya, ya ce jirgin ƙasan da zai riski jirgin ruwan wannan karo ya wuce jiya. Kayana za su je Ikko su zauna a buhu har wani ya zo. Wanda zai zo ɗin ma ba a rantse masa, don wani lokaci yakan tsaya a bakin gaɓa yana jiran wuri, wani lokaci ya biya wasu garuruwa ɗaukar kaya. Ban gaya wa Inna wannan ba. Na ce mata riga ta tafi.

Bazara ta wuce, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan amsa ta zo. Yayana ya yi godiya ƙwarai. Ya ce rigar ta same shi ana tsakiyar zafi, rana ba ta faɗuwa sai can wajen lokacin isha. Ya gwada ta don girmama Inna, gumi ya jiƙe shi kafin ya kai bakin ƙofa, matar da yake haya a gidanta ta yi dariya har ta zauna a matakala.

Na ɗauka Inna za ta ji haushi. Sai ta ce, "Ashe zahi ake. Yi mishi mai shara-shara."

Na ce, "Inna, wannan zafin da ya rubuta ai ya kusa ƙarewa. Kafin ta isa sanyi ya dawo."

"Shi da ke can yac ce zahi. Kai da ke Gusau ka hi shi sani?"

Na ɗinka farar riga mara nauyi, wadda in ka ɗaga ta kana hango mutum ta ciki. A wannan karon jirgin ruwan ya lalace a hanya, aka juye buhunan wasiƙu a wani. Rigar ta isa ƙanƙara na zuba. Ya rubuto cewa ya naɗe ta a wuya, ta yi amfani.

Ranar da na karanta mata wannan ne Inna ta miƙo hannu. Ta karɓi takardar tana jujjuyawa, ita da ba ta karatun boko, ta ce, "Wato duk abin da muka ji, ya riga ya wuce. In yac ce lahiya lau, lahiyar watannin baya ce." Ta sa takardar a ƙarƙashin tabarma, ta tashi ta yi alwala. Tun daga ranar ta daina tambayata abin da yake bukata, sai dai ta tambayi yaushe ya rubuta.

Ni kuwa abin ya zame mini gasa. Na zauna da malamin gidan waya muka yi shawara, ya ce in ina son kaya su riski sanyi, in aika tun ana damina. Na ɗinka hula mai rufe kunne da wando mai auduga, na kai ana tsuga ruwa. Ya ce in yi addu'a. Sai ga shi jirgin ƙasa ya riski na ruwa, na ruwa bai tsaya ko'ina ba, kaya suka isa a farkon sanyi daidai. Da amsa ta zo na zagaya rumfunan maƙwabta ina nunawa, kamar ni na tuƙa jirgin. A ƙasan takardar ya ƙara cewa karatu ya kusa ƙarewa, kada mu sake aiko komai.

Labarin dawowarsa ta wayar tangaraho ya zo, don ya san halin wasiƙa. Inna ta taso daga Bungudu zuwa tashar Gusau, Gwaggo kuma ta hau jirgin ƙasan da yake ciki tun daga Tsafe ba tare da ta gane shi ba, har ta tambaye shi ko ya san wani malami da ke dawowa daga Ingila. Ya bar ta tana ba shi labarin kansa har Gusau, sannan ya gaya mata shi ne. Suka sauko tare, tana dukansa da gefen mayafi, shi yana dariya.

Inna ta kama damatsansa ta matsa, ta ce ya rame, alhali ya yi ƙiba. Muka hau mota zuwa Bungudu. Ba mu yi nisa ba ya roƙi direba ya tsaya, don ya hango mai fura a gindin tsamiya. Duk fasinjoji suka jira shi ya shanye ƙwarya guda a tsaye, sannan muka ci gaba.