Mabiyiya a Gidan Haya

Da ciki na zo Arlit, cikin fari. Maigidana ya samu aiki a kamfanin ma'adini, ya kama mana ɗaki biyu a wani gidan haya, ya aiko na taso daga Damagaram. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne rashin itatuwa. A garinmu ko ina ka juya akwai inuwa. Nan kuwa in ka fito ƙofa sai fili da rana, da wasu tsaunuka can nesa waɗanda aka ce ba Allah ya tara su ba, ƙasar da aka haƙo daga ramin ma'adini ce.

Da cikin ya tsufa mahaifiyata ta kira ni a waya, ta ce in taho goyon ciki kamar yadda kowace mace take yi a haihuwar fari. Maigidan bai hana ba. Ni ce na tuna hanyar Agadas, yadda kar, babbar motar fasinja, ta riƙa jefa mu sama da ƙasa har wata mata ta yi ta amai a zanenta. Na ce in naƙuda ta kama ni a wannan daji fa? Na zauna.

A asibiti na haihu, mace. Da za mu fito aka miƙo mana mabiyiya a leda. A gidanmu bayan ɗakin kaka ake binne ta. Tawa tana can, ta yayyena ma duk suna can. Na riƙe ledar ban san inda zan kai ta ba.

Wata tsohuwa muke da ita a maƙwabta, mutuniyar garin Tawa, Inna muke ce mata. Ita ta karɓa.

“Mi kika ma kuka, ɗiyata? Ƙasa duk ta Allah ta.”

“Inna, gidan haya ne.”

“To duniyar ma ke kin saye ta?”

Ta wanke ta, ta zaɓi gindin katanga ta gabas. Ƙasar ta ƙi fartanya, sai da aka aro guntun ƙarfe. Tana haƙa tana zagin ƙasar, wai ko gafiya ba ta yi zaman garin ga ba. Na yi dariya duk da ɗinkin da ke jikina. Kullum in na yi shara nakan kauce wa wurin, ruwan wanki ma ba na zubawa ta can.

Yarinyar ta fara tafiya ke nan aka rufe ramin da babanta yake aiki. Muka koma ɗaki ɗaya a ƙarshen gari, shi kuma ya bi motocin masu neman zinariya. Inna ta tafi wurin ɗanta. A waya mahaifiyata ta ce, cikin wasa, “To ita wannan jikar tawa ƴar ina ce?” Na kwana biyu maganar tana cin raina.

Sai na goya yarinyar na koma tsohon gidan, da niyyar in ɗebi ƙasar wurin ko da tafi ɗaya ne, in kai bayan ɗakin kaka ranar da Allah ya kai mu gida. Na tarar an shafe tsakar gidan da siminti, an kafa firjin ƙanƙara daidai gindin katangar. Matar da ke ciki, Bamaraɗiya ce, ta ba ni tabarma da ruwa. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ba ta yi mini dariya ba.

“Ƴar'uwa, ƴaƴana uku ne, kowanne da gidan da aka bar mabiyiyarsa. Ɗaya ma gareji ne yanzu.”

Ta ce in ina so in jira mijinta ya dawo, ko zai yarda a fasa gefe kaɗan. Na dubi simintin, sabo fil, na ce a bari. Ta ɓallo ƙanƙara ta ba yarinyar, muka fito tana tsotsa, ruwan yana bin bayana.

Shekararta biyar yanzu, ba ta taɓa ganin Damagaram ba.