Mai Ƙifta Wutar Lambu

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa: Yaya, ni, sai Auta. Ni Allah ya sa a tsakiya, kuma duk wadda ta tashi tsakanin maza biyu masu taurin kai ta san abin da na sha. Labarin Yaya nake son bayarwa, amma ba ya yiwuwa sai da Auta a ciki.

Tun yana saurayi Yaya ya kama aiki a babban lambun shaƙatawa na gari, da yankan ciyawa da ban ruwa. Lambun yana da fili a tsakiya, da dandamalin siminti a gefe guda. Bayan dandamalin katanga ce, bayan katangar kuma asibiti. A hankali aka gane mutumin nan ba ya jin nauyin cewa a'a, sai hukuma ta ɗora shi a kan taruka. Duk mai son yin taro a lambun, ko walimar aure ce, ko baje kolin 'yan kasuwa, ko wasan makaranta, in ya karɓo takardar izini daga ofis, to hannun Yaya zai faɗo. Shi ke nuna inda za a kafa rumfa don kada turaku su huda bututun ruwa. Shi ke hana mota hawa ciyawa, ko ta wace ce. Washegari kuma ya tsaya a kan mutane sai sun tsince ledarsu kaf. In an tattake wani ɓangare, sai ya zagaye shi da igiya ya ce ciyawa tana hutu. Matarsa takan ce ciyawa ta fi ta gata, don ita ba a taɓa zagaye ta da igiya an ce ta huta ba.

Ɗakin aikinsa yana bayan banɗakuna, ɗan ƙarami, kullum cikin warin taki da fetur ɗin injin yankan ciyawa. Kujera ɗaya ce a ciki, ita ma an ɗaure mata ƙafa da waya. A jikin bango akwai akwatin wuta na ƙarfe da kwaɗo, kuma daga nan fitilun fili da wutar dandamali suke tashi. Dokar lambun ita ce, da zarar duhu ya shiga, lokacin da aka rubuta a takardar izini ya cika, lasifika ta yi shiru saboda marasa lafiyar da ke bayan katanga.

Farkon aikinsa yakan je gaban dandamali ya yi magana. Sai a yi ta roƙonsa, ana Baba kaza Baba kaza, ana cusa masa abu a aljihu yana cirewa, har wani ya taɓa yaga masa riga. Daga nan ya daina zuwa, ya fito da tasa hanyar. In lokaci ya yi, sai ya buɗe akwatin ya ƙifta fitilun fili sau biyu. Ya ɗan jira, gwargwadon yadda mai jawabi zai yi godiya ko mawaƙi ya rufe baitinsa, sannan ya sauke makunnin dandamali, ya bar fitilu a kunne don mutane su ga hanyar fita. Daga ɗakin ba a hango dandamalin, kuma shi haka ya fi so, wai don kada ya ga fuskar kowa ya ji tausayi. Gari duk ya san wannan, har aka sa masa suna Ƙifta-biyu, kuma ko a bayan idonsa ba wanda ya taɓa cewa ya bambanta wani da wani.

Auta ba abin da ya haɗa shi da Yaya sai taurin kan. Tela ne, amma waƙa ce a ransa, kuma Allah ya ba shi murya. Tun yana ƙarami in zai yi waƙa sai ya rufe ido gam. Sau nawa mahaifiyarmu ta bar shi gadin tukunya, muka dawo muka tarar da hayaƙi ya cika madafa, shi kuwa yana tsugune ido rufe yana rera abinsa. Yaya ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai shi koyon ɗinki, kuma shi ya saya masa jitarsa ta farko, yana miƙa masa yana mitar cewa wannan katako ba ya ciyar da kowa.

Wata shekara aka shirya babban taron mawaƙa a lambun, Auta ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka ba shi gurbi. Da yake sabo ne, aka sa shi a ƙarshe. Ya ɗinka wa kansa riga, ya ɗinka wa mahaifiyarmu, don waƙar da zai yi tata ce. Muka zauna can gaba ni da ita. Manyan mawaƙa suka yi ta cin lokaci, kowa ya hau ba ya son sauka, har rana ta faɗi. Lokacin da aka kira Auta, ni na san lokaci ya riga ya ƙure.

Ya hau shi kaɗai da jitarsa, ya rufe ido, ya fara. Wallahi ban taɓa jin muryarsa ta yi daɗi kamar ranar ba. Bai yi nisa ba fitilu suka ƙifta sau biyu. Can kuma suka ƙara na uku, abin da ba a taɓa gani ba, har mutane suka fara kallon juna. Na miƙe ina ɗaga masa hannu ina kiransa, amma ina, lasifika ta fi ni baki. Yaya ya jira fiye da yadda ya taɓa jiran kowa, sannan ya sauke makunni.

Tsakiyar kalma aka yanke shi. Ya ci gaba da buɗe baki ba a jin komai, sai daga baya ya buɗe ido yana dube-dube kamar wanda aka tasa daga barci. Fili ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya kira shi Rabin Waƙa, shi ke nan suna ya zauna.

A tsakar gidan mahaifiyarmu suka haɗu. Auta ya ce bare ma ana yi masa gargaɗi, shi da suke ciki ɗaya aka yanke shi kamar rago. Yaya ya ce ya ƙifta masa har sau uku, a tambayi kowa. Auta ya dube shi ya ce, "Yaya, kai ka rene ni. Ka manta da ido rufe nake waƙa?"

Na ga abin ya daki Yaya, don da gaske ya manta. Kalma ɗaya ta rage ya faɗa a wuce wurin, amma da ya buɗe baki sai ya ce doka ba ta san ƙane ba. A ranar, da ina da ƙarfi da na haɗa kawunansu na gwara.

Auta ya rataye jita bai ƙara taɓa ta ba. Sunan kuwa ya bi shi har shago, masu kawo ɗinki suna kwatance da wajen Rabin Waƙa, wasunsu ba su ma san asalin abin ba. Suka daina magana da Yaya. Mahaifiyarmu ta yi roƙo ta yi kuka har ta koma ga Allah, a wajen zaman makokinta ma kowa da tabarmarsa. Yaya ya taɓa ce mini da ya bar Auta ya gama, da ba shi da bakin kashe wa wani wuta har abada, kuma waɗanda ke kwance bayan katanga ba su da kowa sai shi. Na ce gaskiya ne, amma wannan bai hana shi zuwa ya ce a yi haƙuri ba. Ya ce zai je. Shekaru suka yi ta tafiya yana zai je.

Abin da yake yi kawai, in ya sayi yadi sai ya ba ni in kai shagon Auta in ce na mijina ne. Mijina gajere ne mai tumbi, Yaya kuwa dogo kamar falwaya. Auta bai taɓa neman awo ba. Sai ya karɓa ya ce, to, maigidan naki ya ƙara tsawo ke nan, ya ɗinka daidai jikin Yaya, har da aljihu mai zurfi saboda makullai. Haka suka yi ta gaisawa ta hannuna, furfura tana fito musu.

Yaya yana dab da ritaya ciwo ya kama Auta a kai. Aka kwantar da shi a asibitin nan na bayan katanga, a ɗakin sama, tagarsa tana kallon lambu. Da ya ji ƙara ko kaɗan ce sai ya riƙe kai yana nishi. Yaya ya zo sau ɗaya da ledar lemo, Auta ya juya fuska bango, shi kuma ya ajiye ledar ya fita.

Ranar da likita ya ce a kira 'yan uwa, wani kamfani yana bikin tallar kayansa a lambun, da lasifikoki jibga-jibga, gilashin taga har rawa yake yi. Da la'asar na sauka na zagaya na sami Yaya a ɗakinsa, zaune a kujerar nan mai waya. Na ce ya kashe wutar yanzu, ƙanensa yana shan azaba. Ya ce mutanen suna da izini har lokacinsu ya cika. Na ce to ya bar wa mataimakinsa makulli ya zo mu tafi. Ya ce mataimakin mutumin kirki ne amma yana kunyar manya, kuma tun safe masu taron suke lallaɓa shi a ƙara musu lokaci.

"In na bar nan ba za a kashe ba," in ji shi. "Ki koma wajensa."

Ba abin da ban faɗa masa ba. Shi dai idonsa yana kan akwatin.

Na koma na tarar da Auta ya danne kunne da matashi, matarsa tana yi masa fifita tana share hawaye. Duhu ya fara shiga. Ban ambaci Yaya ba, Auta ne da kansa ya tambaya ko har yanzu shi ne a akwatin. Na ce shi ne. Ya ce mu juya shi wajen taga. Muka juya shi, muka tallafe masa kai. Daga nan ana ganin fili gaba ɗaya, cike da mutane da fitilu.

Fitilun suka ƙifta sau biyu. Sai kuma na uku. Bayan ɗan jim, sai kiɗan ya mutu ɗif, har muna jin motsin fankar silin. Na ga fuskar Auta ta saki, goshinsa ya warware, ya sauke numfashi mai tsawo. Ya lalubo hannuna.

"Ki ce masa na gani," ya ce.

Daga baya na ji cewa ranar Yaya bai tsaya sallamar jama'a a ƙofa ba, karo na farko a aikinsa. Ya fito da gudu, tsoho da shi. Amma asibitin da katanga ɗaya ta raba shi da lambun sai an zagaya ta titi, titin kuma ya cushe da mutanen da shi ya tasa. Kafin ya ratso ya hawo bene, mun riga mun ja wa Auta mayafi.

A baranda na tare shi, yana haki, makullai a hannu, sanye da rigar da Auta ya ɗinka. Ya dubi fuskata ya gane. Na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni. Sai ya ce, "Idonsa a buɗe yake?"

Na ce a buɗe yake, Yaya, duka ukun ya gani.

Ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya rufe fuska da hannun rigar. Ni ma na zauna kusa da shi, na karɓi makullan na riƙe masa.