Tukwanen da Ban Saya Ba

A lokacin ina malamar firamare a Jimeta, muna zaune a Luggere ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Ni mace ce mai son kayanta, ban kuma iya ɓoye hakan ba. Tukwane uku, risho ɗaya da 'yan kwanuka sun ishe mu, kowanne na san inda na ajiye shi. Maigidan kan tsokane ni wai ko cokali ya ɓata sai na kai ƙara wurin 'yan sanda.

Da tashin hankalin nan ya ci garuruwan arewacin jiharmu, yayar maigidana, wadda muke kira Adda, ta iso mana da 'ya'yanta biyar da wasu 'yan uwa, mijinta kuwa ba a san inda ya faɗa ba. Cikin mako guda muka tashi daga mutum huɗu muka koma sha biyar. Babbar tukunyata sai an ɗora ta sau uku kafin tuwo ya zaga. Na roƙi maigidan ya sayo wata, ya ce kasuwa ta tsaya, in yi haƙuri.

Ba a yi wata ba sai kaya suka fara ɓullowa a gidan. Yau ƙatuwar tukunya, jibi baho biyu, can kuma murhun gawayi da tabarmi. Na tambayi Adda, ta sunkuyar da kai ta ce Allah ne ya kawo. Na tambayi maigida, ya rantse shi ma ya ɗauka ni ke saye. Zuciyata ta ce mini ruwa ba ya tsami banza. Wato ni a ce mini babu, a zagaya a ba 'yar'uwa? Na shiga sa ido. In suka tsaya magana da Fulatanci sai in laɓe, alhali ba ji nake sosai ba. In ya fita in lalube aljihunsa neman rasit. Har jan farce na sayo na ɗiga wa duk kwanon da yake nawa, na sa wa sito kwaɗo.

Ranar da na ga sabuwar kular abinci haƙurina ya ƙare. A tsakar gida, gaban 'ya'yanta, na ce an zo ana tatsar ɗan'uwa a ɓoye, ana mayar da ni sakarya a gidana. Bayan kwana biyu Adda ta kwashi yaranta suka koma wani kango da aka ba su aro a Ngurore. Ko ludayi ba ta ɗauka ba, ni kuwa na ce rashin gaskiya ne ya hana ta.

Sai bayan wata biyu na shiga shagon wata 'yar Ibo mai kayan girki a kasuwar Jimeta, ta tambaye ni ina kwastomarta Adda, yayar maigidana. A bakinta na ji cewa 'yan kunnen gwal da Adda ta gudo da su a ƙulle a bakin zani ta sayar, tana zuwa tana sayen kayan ɗaya bayan ɗaya. Wai ta ce ba ta so yaranta su tsofar wa matar ƙaninta kayan ɗaki. Ashe kunya irin tasu ce ta hana Adda faɗin alherin da ta yi da bakinta.

Na loda kayan a mota na bi ta Ngurore ina kuka. Ta ce ta yafe, amma kyauta ba ta komawa hannun mai ita, haka na dawo da su.

Abin da na koya shi ne, idan gida ya cika, ba tukunya kaɗai ke bukatar ƙarin girma ba, har da zuciyar matar gida. 'Yan uwana mata, ku guji zargin da ba ku da shaida a kansa, musamman ga wanda wuya ta kawo shi ƙofarku. Yau shekaru sun ja, Adda ta koma garinsu. Takan zo Jimeta, ta gaishe ni da fara'a, ta yi wasa da yarana. Amma duk ranar da na ajiye mata abinci, sai ta yi godiya ta ce a ƙoshe take.