Shekarar da Alkakin Goggo Ya Ƙi Tashi

Goggo, yayar babana, ba ta duba kalanda in tana son sanin ko kaka ta shigo. Famfo take dubawa. A Makka tankin ruwa a saman gida yake, rana na dukansa tun safe, don haka a watannin zafi in ka buɗe famfo da azahar sai ka daure kafin ka iya alwala. To ran da Goggo ta tara hannu ta ji ruwan bai ƙona ta ba, sai ta goge hannun a gefen zani ta ce, "Zafi ya karye. A sayo alkama."

Daga wannan rana gidanmu na unguwar Tandabawi sai ya canza ƙamshi. Umma ta koma dama kunun gyaɗa da safe. In aka yi sa'a hadari ya haɗu aka ɗan yi yayyafi, sai ta ɗora ma'adus, shinkafa da ɗan ƙaramin waken nan da ake kira adas, da busasshen kifi a gefe, yadda mutanen Makka ke yi ranar ruwa. Ana yin dubulan, ana yin nakiya. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Alkakin Goggo ake jira, mu da maƙwabta, har da Larabawan layinmu da ba su iya faɗin sunansa daidai ba.

Mijin Goggo ya rasu tun kafin a haife ni, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. A gidanmu take, ɗakinta ɗaya da akwatinta ɗaya. In ana hirar 'ya'ya da jikoki ba ta da abin cewa, sai ta yi ta gyara ɗankwali. Amma da an ambaci alkaki, duk matan unguwa ita suke juyowa su kalla. Ta san da haka, kuma tana jin daɗinsa, ba ta ɓoyewa.

Yadda take yi ba wani asiri ba ne. Za a barzo alkama, ba gari lilis ba, ta murje ta da mai, ta kwaɓa da nono mai tsami. Ba ta yarda da yis ba, wai na malalata ne. Sai ta rufe kwaɓin a babbar robarta, ta lulluɓe da tsohon bargo, ya kwana ɗaya a lungun kicin. Da safe ya tashi ya yi tsami, ta ɗan zuba ruwan kanwa, ta mulmula ta naɗe, ta soya, ta tsoma a sukarin da aka dafa da tsamiya. Abin da kawai take tsoro shi ne zafi. A watannin zafi kwaɓin kan zarce kafin la'asar ya lalace, shi ya sa take jiran kaka. Tun muna yara take ja mana kunne cewa zafi ne abokin gabar alkaki. Mu kuwa 'yan Makka ba sai an faɗa mana ba. Miya, nono, shinkafar da ta rage, duk rayuwarmu gudun kai su wuri mai sanyi muke yi.

Shekarar da na fara koyarwa a makarantar 'yan mata, Baba ya tashe mu daga Tandabawi. Gidan ya tsufa, bango ya tsage, hawan layin kuma ya fara fin ƙarfin gwiwoyinsa. Ya samo mana shagga, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Aziziyya, hawa na uku, da lif. Abin da ya fi burge shi da gidan shi ne mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. A tsohon gida guda ɗaya muke da shi, a ɗakinsa, yana ƙara kamar injin markaɗe. A nan kuwa kowane ɗaki da nasa, na falo ma har kicin yake hurawa. Baba ba ya kashe su dare da rana. In baƙo ya zo, kafin a kawo shayi ya riga ya nuna masa rimot.

Kaka ta zo, aka sayo alkama, Goggo ta kwaɓa kamar kullum. Da safe ta ɗaga bargo ta tarar da kwaɓin yadda ta bar shi, ko motsi bai yi ba. Ta shinshina, ta ɗaure fuska, ta ce nonon ne ba shi da kyau. Duk da haka ta soya. Wallahi da za ka jefi mutum da alkakin nan sai an kai shi asibiti. Bai sha sukari ba ko kaɗan, sukarin sai ya zame ta bayansa ya taru a gindin faranti. Baba ya gatsa ɗaya, ya ajiye a hankali, ya ce, "Yaya, ai ya yi," alhali yana lalubar haƙorinsa da harshe.

Mako ya zagayo ta sake, da nonon wani shago daban. A nan ne na yi tawa gwanintar. Na ce a raina ai lungun kicin ɗin nan kusa da murhu yake, ƙila ɗumi ne ya ɓata na farko. Da Goggo ta shiga ɗaki, sai na lallaɓa na ɗauke robar na ajiye ta a falo, daidai ƙarƙashin mukayyif. Da asuba na mayar da ita inda take, ina jin kaina kamar na yi aikin lada. Wannan karon ko soyawa Goggo ba ta yi ba. Ta danna kwaɓin da yatsa, ramin ya tsaya yana kallonta, ta mayar da murfin.

Daga ranar ta yi sanyi. Matar da in tana kicin ba mai iya wucewa ba ta sa masa baki ba, sai ga ta a zaune a bakin gado tana kallon tafin hannunta. Wata ƙawarta ta tsohuwar unguwa ta bugo waya tana tsokana, wai an koma gidan sama an manta da talakawa, ina rabonsu na bana. Goggo ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce alkamar bana ce ba ta da kyau. Da ta ajiye wayar ta ce da ni, "Ƙarya na yi mata. Alkama lafiyarta lau. Hannuna ne ya mutu."

Na ce, "Haba Goggo, wane irin hannu ya mutu? Kwanakin baya fa da shi kika make ni a kan na bar cokali a tukunya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta ga irin wannan a wurin uwarta. Mace na cikin girkinta sai wata rana abu ya daina amsa mata, gishiri ya yi yawa, tuwo ya yi gudaji, daga nan sai a zaunar da ita a riƙa miƙo mata kwano. Ta ce za ta gwada sau ɗaya tak. In ya ƙi, ta bar alkaki har abada, a ba wa mai so robar da kaskon. Na ji tsoro ƙwarai, domin na san Goggo ba ta faɗin abu ta janye, kuma na san in aka cire mata alkaki ba abin da ya rage da za a juyo a kalle ta dominsa.

Na uku ma ya ƙi. Ta wanke hannu, ta ce da ni, "Ɗauke min shi daga gabana."

Alkama ba abar zubarwa a shara ba ce, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. A gidanmu ko gutsuren burodi ne ya rage, tattabaru ake kai wa. Sai na ɗauki robar da murfinta na hau saman bene, da niyyar in shanya kwaɓin ya bushe in marmasa musu. Ina isa aka kira ni a waya daga makaranta a kan wasu takardun jarrabawa. Na dire robar a inuwar tanki na sauko ina magana, na manta da ita sam.

Sai washegari da hantsi na tuna. Na hau ina mitar yadda zan kankare roba. Tun kafin in ƙarasa na ga murfin ya karkace. Kwaɓin ya kumburo ya ture shi, ya yi ƙananan ramuka, ga kuma tsamin nan da na sani tun ina rarrafe. Na tsaya riƙe da murfi, zufa na bin bayana, sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Kwana ɗayan da Goggo take ƙirgawa ai kwanan kicin ɗin Tandabawi ne, mai ɗumi ko da kaka. Mu kuma mun kawo kwaɓin gidan da mutum ke neman bargo da azahar. Ni ma da hannuna na ƙara masa.

Na sauko da robar a kai, ko lif ban jira ba. Goggo na zaune tana jan carbi. Na dire mata a gaba na buɗe. Ta leƙa, ta shinshina, ta dube ni ta ce, "Yis kika sa."

Na rantse ban sa ba. Na faɗa mata inda ya kwana. Daga nan, tunda bakina ba ya riƙe magana, na faɗa mata abin da na yi wa kwaɓi na biyu. Ta ajiye carbin a hankali.

"Ƙarƙashin mukayyif?"

"E, Goggo."

"Da karatunki? Ke ce ake ba 'ya'yan mutane ki koya musu?"

Na ce ai ita ce ta koya mana zafi ne abokin gaba. Ta ce kada in kuskura in ɗora mata. Muka yi ta yi, ni ina kare kaina, ita tana zayyano duk wautar da na taɓa yi tun daga yaye. Umma na bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa daɗi nake ji, don rabon da in ji Goggo ta yi faɗa da ƙarfinta an fi mako biyu.

Amma ba ta yarda nan take ba. Ta ce wannan na tattabaru ne, ta riga ta ba su, kuma ba za ta ci amanar tsuntsu ba. Za ta yi sabo ta gani da idonta. Na ce to a kai shi sama ya kwana. Ta ce Allah ya kiyaye abin da mutane za su ci ya kwana a saman benen haya, tsakanin kyanwoyi da shanyar mutanen da ba ta san asalinsu ba. A cikin gida zai kwana, kuma a kashe mukayyif. Duka.

Baba ya dawo daga aiki ya tarar da gida shiru, tagogi a buɗe, sabon kwaɓi na lulluɓe a lungun kicin. Ya nufi rimot, Goggo ta riga shi, ta cusa a lalitarta.

Ya ce, "Yaya, a kashe na falo kawai mana. Nawa ɗakin me ya yi?"

Ta ce, "Sanyi ta ƙarƙashin ƙofa yake bi. Shekara nawa ka yi a Tandabawi da mafici kafin ka sayi mukayyif? Ka narke?"

Ya juya wurin Umma neman agaji, ta ce ita ba ruwanta, tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa ne. Haka mutumin nan da furfurarsa ya zauna a falo da singileti, yana fifita da murfin kwali, yana cewa a duk Makka shi kaɗai ne aka kashe wa mukayyif saboda kwaɓi. Kakar Makka dai sunanta kaka, amma ba ta hana mutum jiƙewa da zufa. Mun sha ruwan sanyi ranar kamar ba gobe.

Da gari ya waye na fito na tarar Goggo ta riga kowa shiga kicin. Tana tsaye a kan robar, bargo a hannu, ba ta buɗe murfin ba. Na gane tsoro take ji. Na ɗora ruwan shayi na ba ta baya. Can na ji ƙarar murfi, sai tsamin ya cika kicin.

Kwaɓin ya tashi. Ta jiƙa kanwa, ta tace, ta zuba. Ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno ta fara mulmulawa tana naɗewa, yatsun nan na tafiya da kansu. Na ɗora mata mai, na dafa sukari da tsamiya yadda ta ce, ta kuma ce ya yi ruwa, na ƙara masa wuta. Na farko da ta jefa a kasko ya nutse, ya taso yana juyi, ya yi ja. Ta tsame ta tsoma a sukari, muka ga yana sha. Baba ya leƙo da tawul a wuya yana tambaya ko an yafe masa ya kunna, ba wanda ya kula shi.

Ta ɗauki ɗaya tun da zafinsa ta karya. Ya karye ba gardama, cikinsa ya jiƙe har tsakiya. Ta sa rabi a baki ta daɗe tana taunawa, tana kallon bango. Sai na ga hawaye na bin kuncinta, ita da ban taɓa ganin kukanta ba ko a gidan rasuwa. Ta miƙo min ɗaya rabin, ta ce a hankali, "Ashe ba ni ba ce."

Na ce, "Ba ke ba ce, Goggo."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta ja kaskon kusa, ta ce in matsa daga kanta ina tare mata haske, da sauran aiki a gabanta.