Gyaran da Na Nema a Tukunyar Gas

Ko zan manta da komai, wannan Juma'ar ta watan zafi tana nan daram a raina har in koma ga Allah. A lokacin muna zaune a Kawo, ina aikin gwamnati, matata kuma tana ɗinkin hula. Hannu gare ta na ban mamaki, har daga Zariya ake kawo mata aiki.

Ni mutum ne da ba na sayen abu ba gyara. Ko tumatir na saya sai an ɗora mini biyu a kai, kuma ina alfahari da wannan hali. Ranar na kai tukunyar gas ɗinmu wajen wani Bakatsine mai ɗura gas. Da ya tsayar, na ce ya ƙara.

"Yallaɓai, ruwa ne hwa a ciki," in ji shi. "Dole a bar mishi wurin numfashi, ba a cika ta maƙil."

Na ce wayo ne irin na 'yan kasuwa. Na yi ta surfa masa faɗa a gaban mutane har kunya ta sa ya ƙara. Na tafi ina jin na yi nasara, don wauta.

Na jefa tukunyar a but ɗin motata, na wuce masallaci, mota ta sha rana har aka idar. Da na isa gida na ajiye tukunyar a kicin, ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya. Na ji tana tsiyaya kaɗan, na ga wani farin abu kamar ƙanƙara a bakinta. Matata ta ce, "Baban yara, anya? Warin nan ya yi yawa."

"Ɗan abin da ya zuba bai cika kofin shayi ba," na ce. "Ɗora girkinki."

Ta bi maganata, ta ƙyasta ashana. Ina tsakar gida na ji ƙarar tashin wuta, sai ihunta. Da hannuwanta ta kare fuskarta.

Bayan an kashe wutar, wani ma'aikacin kwana-kwana ya ja ni gefe. Ya ce kofi ɗaya na ruwan nan, idan ya fito ya zama iska, yakan kai kofi kusan ɗari biyu da saba'in, kuma ƙasa yake kwanciya saboda nauyi. Zafin rana ne ya kumbura shi, ya rasa wuri, ya nemi hanya.

Matata ta rayu, alhamdu lillahi, amma yatsunta sun ƙage, ba ta sake riƙe allura ba. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta taɓa cewa laifina ba ne. Da ma ta zage ni, da na sami sauƙi.

Na koyi cewa idan mai sana'a ya ce a tsaya, a tsaya, domin taurin kan mutum ba lallai a jikinsa yake ƙarewa ba. Shekara tara ke nan, kullum da safe ni nake ɗaura mata ɗankwali.