Tormod Mai Ba da Zabura

Tormod MacAskill maƙwabcina ne a ƙauyenmu na tsibirin Harris, katangar dutse ce kawai ta raba mu. Tun ina budurwa shi ke ba da Zabura a majami'armu. Mu ba ma kaɗa komai a sujada. Mutum ɗaya ne zai miƙe ya rera layi, jama'a su amsa a hankali, kowa da yadda yake jan muryarsa, sai sun dire sannan ya ba da na gaba. Muryar Tormod, a faɗi gaskiya, ba ta da wani daɗi, kamar ƙofar da ta sha ruwan sama take. Amma bai taɓa ɓata layi ba.

Sauran kwanakin mako yana aiki a gonar kifi ta bakin teku. Da aka kawo sabon manaja, ya ce daga yanzu har Lahadi za a riƙa lodin kifi. Tormod ya ce ban da shi.

"Kifin naka hutun Lahadi suke yi?" in ji manajan.

"Ciyar da su zan zo in yi, yallaɓai, wannan jinƙai ne. Amma lodi don kasuwa, ai Litinin ba ta gudu ba."

Aka sallame shi. Samarin wurin suka samu abin yi, in ya wuce sai ka ji, "Fasto, yau me aka sauko maka da shi daga sama, kifi ko dankali?" Abin da ya fi ƙona mini rai, iyayen yaran nan a bayansa suka yi amshi shekara da shekaru. Shi kuwa sai ya ɗaga musu hula ya wuce wurin tumakinsa.

Daga nan matarsa Peigi ta rasu. Jama'ar ma suka yi ta raguwa, wasu maƙabarta, wasu birni. Faston da ke yi mana wa'azi ya daina zuwa. Ƙarshenta aka sayar da ginin majami'ar ga wasu baƙi, suka mai da shi masaukin masu yawon shaƙatawa. 'Yarsa Seonag ta taso daga Glasgow, ina tsakar gidana ina jin su.

"Baba, don Allah ka haɗa kayanka mu tafi. Wa ya rage maka a nan? Tumaki?"

"Su ma ai mutanen kirki ne."

"Can ma akwai majami'a, ga ɗumi, ga jama'a."

"Ga ganga, ga jita. Na ji labari."

"To sai ka zauna kana yi wa bango waƙa?"

"Ba bango nake yi wa ba, Seonag."

Ta tafi cikin fushi, ta daɗe ba ta kira shi ba. Ni ma a ranar bayanta na goya, don taurin kan mutumin nan ya isa.

Lahadin da ta biyo, ina bakin taga saboda gwiwoyina sun hana ni fita, sai ga shi cikin baƙar kwat ɗinsa. Ya je ya tsaya a jikin katangar majami'ar, ta waje, ana yayyafi. Ya cire hula ya ba da layi, ya yi shiru. Can ya ba da na gaba, ya sake yin shiru. Wani baƙo ya leƙo da kofi a hannu yana ɗaukarsa a waya. Kunya da tausayi suka rufe ni.

Da ya dawo na tare shi da shayi.

"Tormod, in waƙar za ka yi, ka yi ta kai tsaye mana ka shigo daga ruwa. Tsayawar nan ta mece ce?"

Ya kalle ni kamar na ce ya ba wata mace kujerar Peigi.

"Haba Dolina. Ni bayarwa aka ɗora mini. Amshi ba nawa ba ne."

Har yau yana zuwa. Muryar ta ƙara dushewa, iska ma takan kwashe rabinta kafin ta iso tagata. Amma shirun bai rage ko kaɗan ba. Yana jira ne daidai yadda yake jira lokacin da majami'ar take cike.